Bin Sawun Alƙalami Daga Gobarau Zuwa Tukur-Tukur

Rubutu a ƙasar Hausa bai taɓa zama a gari ɗaya ba. Fiye da shekara 500 ke nan yana ƙaura, kuma kowace ƙaura da abin da ya jawo ta: wani lokaci ayarin fatake, wani lokaci yaƙi, wani lokaci sabon mai mulki da ya zo da nasa haruffan. Duk wanda ya ɗaura niyyar zagaya wuraren da malamai da marubutanmu suka zauna, in ya bi su bisa jerin shekaru, Katsina zai fara sauka, ya yi yamma zuwa Gobir da Sakkwato, ya juyo Kano, sannan ya gangara Zariya. Abin da zai fi cin karo da shi a hanya kaburbura ne. Su aka kewaye, su ake sharewa, su ake kai wa ziyara. Zaurukan da aka yi karatun da ɗakunan da aka yi rubutun kuwa, sai an sha tambaya kafin a sami mai nuna su.

A tsakiyar birnin Katsina hasumiyar Gobarau take, ginin ƙasa mai tsayin kimanin mita 15. Katsinawa suna danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ita ce ta rage daga babban masallacin da ya zama makarantar gari. Daga ƙarshen ƙarni na 15 sunan Katsina ya fara bayyana a takardun malaman nesa. Shehu Maghili ya taso daga Tuwat, a Aljeriya ta yau, ya ratsa Katsina da Kano wajen 1492, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha kan riƙon sarauta. Imam Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa daga Masar. Wani malami kuma, Aida Ahmad, da ya dawo daga karatu a Gabas sai ya yada zango a Katsina, aka naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529. Shi ne mutane da yawa suke ɗauka Wali Ɗantakum.

Kasuwa ce ta kawo su, domin hanyar da gishiri da tufafi suka biyo ita takarda ta biyo. Ba a nan ake yin takardar ba. Yawancinta daga Italiya take fitowa, ta sauka Tarabulus, ta ratso Gat da Agadas a bayan raƙumi. In ka ɗaga tsohuwar takarda ka kalli hasken rana da ita, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikinta. Ba a ɗinke littafi a lokacin. Falle-falle ake barinsa, a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda aka gama, don ko fallayen sun hargitse a iya mayar da kowanne gurbinsa. Sai a haɗa su cikin bangon fata, a ɗaure, a zura a gafaka. Tawada ta gida ce, ta gawayi ko ta bagaruwa, a sa mata ƙaro, alƙalami kuma na kara. Amfanin wannan tsari shi ne malami yana iya raba wa almajirai littafi ɗaya su kwafa lokaci guda. Illarsa kuwa, littafin da ba a ɗinke ba guguwa ɗaya ta ishe shi.

A ƙarni na 17 Katsina ta fara fitar da marubuta 'yan gida. Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, ya yi sharhin Ishiriniya, ya kuma rubuta littafi kan ƙasar Yarbawa wanda a yau ambatonsa da Muhammadu Bello ya yi ne kaɗai ya iso mana. Har yanzu akwai unguwar Masanawa a cikin gari. Wali Ɗanmarina shi ma marubucin waƙoƙin Larabci ne, daga ciki akwai wadda ya yabi Mai Ali na Barno da ita kan nasarar da ya samu a kan Kwararrafa. Maƙabartar da ke ɗauke da sunansa ita ce aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta a 2010, kuma da yawa daga cikin baƙin da ke shiga yanzu kabarin shugaban suke nema. Akwai kuma Bakatsinen da kabarinsa ba ya Katsina: Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Duk wannan da Larabci aka yi shi, malamai suna rubuta wa malamai. Ƙaura ta biyu ce ta sauya lamarin, ita kuma ƙauye ta nufa.

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi a Jamhuriyar Nijar ta yau, ya tashi a Degel, wadda yanzu take cikin ƙasar Gwadabawa. Gidansu gidan karatu ne, yawancin malamansa na farko baffanni ne da kawunnai, sannan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Yana ɗan shekara 20 ya fara fita wa'azi, ya zagaya Kabi, ya yi shekaru a Zamfara. A nan ne ya fuskanci abin da malaman birni ba su cika damuwa da shi ba: masu sauraronsa manoma ne da makiyaya da mata, ba sa jin Larabci. Saboda haka shi da ƙanensa Abdullahi da almajiransu suka riƙa tsara karatun cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, a rubuce da ajami. Waƙa tana da kari da amsa-amo, ana haddace ta ba wuya, kuma mace tana iya rera ta tana niƙa ko kaɗi. Ba su ne suka fara rubuta Hausa da ajami ba, amma su ne suka mayar da shi aikin yau da kullum, kuma rubutacciyar waƙar Hausa da muka gada daga hannunsu ta sami siffarta.

Zancen mata ya jawo musu suka tun da wuri. Wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya tsara baitoci yana zargin Shehu da barin mata su halarci wa'azi tare da maza, Shehu ya sa Abdullahi ya mayar masa da amsa cikin waƙa, cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Shehu da kansa ya koma kan batun a Nurul Albabi, inda ya yi tir da malaman da suke koyar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san komai ba. A 1793 ya kammala Ihya'us Sunna, a shekarar kuma aka haifa masa tagwaye a Degel, Hassan da Asma'u.

Wanda ya je Degel yau kufai zai tarar, da kaburbura da alamun inda gida da masallaci suke. Tun da jama'a suka fita a watan Fabrairu na 1804, bayan rikici da Sarkin Gobir Yunfa ya kai matuƙa, garin bai sake komawa yadda yake ba. An ɗora littattafai a kan raƙuma aka nufi Gudu. Daga nan sai yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, sai yunwa da annoba da sauya sansani, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Abin da ya fi ba ni mamaki a waɗannan shekaru shi ne alƙalami bai tsaya ba. Cikin yaƙin Shehu ya rubuta Bayanu Wujubil Hijira a 1806. Abdullahi, da ransa ya ɓaci ganin yadda neman duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. Kanawa suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake shari'a da mulki, sannan ya koma.

Yaƙin ya ci littattafai kamar yadda ya haifar da su, kuma bai kamata mai ba da tarihi ya tsallake wannan ba. 'Yandoto, kusa da Tsafe, tsohon garin malamai ne da ake zuwa ɗaukar karatu tun kafin jihadi. Malamanta ba su karɓi kiran Shehu ba, aka ci garin da yaƙi, jama'arsa suka watse, makarantunsa ba su sake tashi ba. Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno, a wasiƙun da ya yi musayarsu da shugabannin jihadi, ya tuhume su da abubuwa da dama, har da wulaƙanta littattafai. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya musanta cewa da gangan ne, ya ba da labarin yadda shi da kansa ya bi takardun da iska ke kwasa bayan an ci wani gari, yana tsincewa har ya gaji. Mun san wannan muhawara ne domin Bello ya shigar da wasiƙun abokin hamayyarsa cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. A ganina wannan yana cikin manyan abubuwan da za a yaba masa: yana da ikon binne hujjar al-Kanemi, amma ya kwafe ta ya bar wa na baya su yi hukunci.

Sifawa, a ƙasar Boɗinga, ita ce zangon da Shehu ya sami natsuwa bayan yaƙi. Ya bar harkar mulki a hannun Abdullahi da Bello, ya koma karantarwa da rubutu, har ya tashi zuwa Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Abdullahi ya zauna Gwandu, can ya rasu a 1829, ya bar Tazyinul Waraƙati, wanda ya tattara waƙoƙinsa da labarin abin da ya sa aka yi kowacce, da tafsirinsa Liya'ut Tawili. Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya fi son zama a can, kuma can kabarinsa yake tun 1837. Ya yi rubutu kan mulki da tarihi da magani, har da ciwon ido da basir. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya gana da shi a 1824, ya koma da labarin sarkin da ke yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kiristocin farko da kan taurari. Bajamushen nan Barth kuwa a Gwandu ya sami kwafin Tarihus Sudan na Tambutu a 1853, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Ta wannan hanya Turai ta fara sanin tarihin Songhai da kyau, daga gafakar wani malamin Gwandu.

Hubbaren Shehu a Sakkwato shi ne wurin da ya fi kowane samun maziyarta a duk wannan hanya. Daga Nijar da Kamaru da Gana da Sudan ake zuwa, mata sun fi yawa. Kusa da kabarin Shehu kabarin Nana Asma'u yake, kuma zuwan matan nan yana da tushe a aikinta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kimanin ayyuka 60 nata sun iso mana. Bayan yaƙi an sami ɗimbin mata a ƙauyuka da gidaje, da yawa kamammu ne, Hausa suke ji, bori suka sani. Asma'u ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Jaji takan taho da ayarin tsofaffi da 'yan mata, domin matan aure ba sa barin gida, suna ɗauke da ɗan hatsi ko zuma ko man shanu na sadaka. Su zauna gaban Nana su haddace waƙa kan tsarki da salla, ko tarihin Annabi, ko labarin hijirar Shehu da ta tsara a Waƙar Gewaye, sannan su koma su koyar da na gida. Su ne 'yan taru. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ƙanenta Isa kuma ya fassara nata da dama daga Fulatanci. Ta yi wa sarakuna marsiya, ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta, tana ambaton haƙurinsu da kirkinsu ga maƙwabta. Da ta rasu a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'yan taru.

Daga Hubbare zuwa unguwar Giɗaɗawa ba nisa, amma kaɗan ne cikin maziyarta suke ƙarasawa. A nan zuriyar Giɗaɗo da Asma'u suka riƙe wazirci da takardu. Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya tara ya kuma kiyaye littattafan kakanninsa, ya rubuta Tarihin Fulani, ya buɗe ƙofarsa ga masu bincike. A wurinsa Murray Last ya sami abin da ya gina littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato, a wurinsa kuma Jean Boyd ta ga rubuce-rubucen Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka buga a haɗe a 1997. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi. Ba don gida ɗaya ya ɗauki adana takarda a matsayin amana ba, da Nana Asma'u ta zama sunan makarantu da asibitoci kawai.

A 1903 Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Wannan ma an rubuta shi. Waziri Buhari ya rubuta wa ma'abota ilimi takarda yana bayyana dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu bai bi masu hijira ba. Malamai da dama sun yi waƙoƙin zuwan Nasara. Wanda ya fi shahara a cikinsu ma yana can nesa, a ƙasar Gwanja. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya bi hanyar fataken goro ya zauna Salaga, yaƙin basasa ya tashe shi zuwa Kete-Krachi a Gana ta yau, can ya rasu a 1934. Ya yi waƙa kan zuwan Turawa da kan talauci, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich dogon bayani da ajami kan tarihi da sana'o'i da al'adun Hausawa, wanda yana cikin zuben Hausa mafi daɗewa da muke da shi. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, fasihin marubucin waƙa, Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya ƙare kwanansa. Wato wanda ke son ya cika wannan ziyara sai ya tsallaka iyaka, ya kuma gangara bakin Kwara.

Kano ba a ratsa ta a tsaye, amma a wannan tarihi gidaje biyu sun isa. Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, yana tuna zamanin Rumfa da jerin sarakunan da littafin Tarihin Kano ya lissafa tun daga Bagauda. An harhaɗa littafin da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature, Palmer, ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Na biyu shi ne Gidan Ɗanhausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Turawa a 1912. Gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko don aikin ofis da makaranta, ajami ya koma zaure da kasuwa. Bai mutu ba, har gobe ana buga waƙoƙi da shi ana sayarwa a kasuwar Kurmi da bakin masallatai. Sai dai an wayi gari jikan malami yana riƙe da takardar kakansa, da harshensa aka rubuta ta, amma ba ya iya karantawa. Wannan rabuwa ita ce babbar asarar da ƙaura ta uku ta jawo.

Daga nan hanya ta sake komawa Katsina na ɗan lokaci. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malaman makaranta, gininta na ƙasa yana nan, ya zama gidan tarihi. An fi tunawa da ita a matsayin makarantar Sardauna da Tafawa Ɓalewa, 'yan siyasa. Amma uku daga cikin marubutan ƙagaggun labaran Hausa na farko ta nan suka bi: Malam Bello Kagara yana koyarwa, ƙanensa Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna ɗalibai.

Abin da ya haɗa su ya faru ne a Zariya. An kafa Hukumar Fassara a 1929 don samar wa makarantu abin karantawa, ta zauna Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga baya ta zama Hukumar Talifi. East ya lura fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatun boko ba, sai ya zagaya garuruwa a 1933 yana roƙon malamai su ƙago labari. Ya sha wuya, domin a wurin malami rubutu na addini ne da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Duk da haka gasar ta fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. A Zariya ɗin ne kuma Dokta Miller ya zauna, wanda ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932. In aka duba littattafan biyar za a ga tsohon zamani bai yi nisa ba. Ganɗoki yaƙin Kwantagora da Turawa yake bayarwa, Shaihu Umar kuwa labarin bauta ne da ratsa hamada, gwarzonsa kuma malamin zaure.

Imam yana ɗan shekara 22 lokacin gasar, yana koyarwa a Midil ta Katsina. East ya ga abin da ke hannunsa, ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya a 1936. Aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiya da Turai, ya karanta, ya narkar da su, ya fito da Magana Jari Ce littafi uku. Masu suka sun daɗe suna cewa aro ne. Gaskiya ne akwai aro, amma wanda ya karanta ya san cewa sarakunan ciki da fadawa da ɓarayi da alƙalai duk Hausawa ne, maganarsu ta fada da kasuwa ce, kuma har yau babu zuben da ya kai nasa daɗin karantawa da ƙarfi a gaban jama'a. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa har tsawon shekara 12. Ana karanta ta a zaure, mutum ɗaya ya karanta goma su saurara, kuma a shafinta na wasiƙu ne 'yan Arewa masu ilimin boko suka fara jin muryar juna kafin a kafa jam'iyyu.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a unguwar Tukur-Tukur ta Zariya, da maɗaba'a da ofisoshi da gidajen ma'aikata. Hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, tana fitar da jaridun larduna da ƙananan littattafai, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC ya gaje ta a 1966. Kusan duk littafin Hausa da ɗan makaranta ya riƙe a tsawon shekara 40 daga Zariya ya fito: Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wasannin Shu'aibu Maƙarfi, waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu. A cikin birnin kuma akwai Aliyu Namangi, makaho, wanda ya tsara Imfiraji a ka, almajirai da mabarata suka yaɗa ta ko'ina kafin a buga ta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Imam ya rasu a Zariya a 1981, Namangi a 1990. In da ana auna wuri da yawan abin da ya ba harshe, da Tukur-Tukur tana sahu ɗaya da Degel.

Bauchi tana gefen hanya, amma ta cancanci a ratsa. Kabarin Tafawa Ɓalewa yana nan cikin ginin da aka yi masa bayan kisan Janairun 1966, ana kai baƙi su ga kayan Firayim Minista. A garin ne kuma Sa'adu Zungur ya tashi, ya rasu a 1958, wanda ya ɗauki tsarin waƙar wa'azi ta mutanen Degel ya zuba mata siyasa a Arewa Jamhuriya ko Mulukiya.

Ƙaura ta ƙarshe ba hukuma ce ta shirya ta ba. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Bayan 'yan shekaru tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya. Sai matasa a Kano, mata da yawa a cikinsu, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna rarrabawa a shagunan Sabon Gari da Bata. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino da ƙungiyar Raina Kama daga nan suka fito. An kira abin adabin kasuwar Kano da nufin raini, an zarge shi da ɓata tarbiyya, a 2007 har an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a. Akwai na banza a ciki, kamar kowane zamani. Amma matan da suka koyi karatu don su san ƙarshen labari ba sa ƙirguwa, kuma auren dole da kishi da sakin wulaƙanci sun sami masu faɗarsu daga cikin gida. Yanzu yawancin wannan rubutu ya koma waya.

Bin wannan hanya a yau ba sauƙi. Alƙalawa tana ƙasar Sabon Birni, 'Yandoto tana ƙasar Tsafe, duk wuraren da 'yan bindiga suka addaba. Kagara, mahaifar Abubakar Imam da Bello Kagara, sace 'yan makaranta a watan Fabrairu na 2021 ne ya sa duniya ta ji sunanta. Amma Katsina da Sakkwato da Kano da Zariya da Bauchi ana zuwa, kuma abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Hukumomin tarihi na jihohi su kafa allo a kowane wuri, da boko da ajami, a rubuta wanda ya zauna a nan da abin da ya rubuta. Malaman Hausa su kai ɗalibai, a karanta musu shafi ɗaya na marubucin a inda ya rubuta shi. Kai kuma mai karatu, in akwai gafakar kakanni a ɗakin tsohuwa ko a saman rumbu, ka sauko da ita tun gara da ɗigar damina ba su riga ka ba. Gidan Arewa a Kaduna, da hukumar Waziri Junaidu a Sakkwato, da jami'o'in Kano da Zariya, da cibiyar binciken IRSH a Yamai, duk suna adana irin waɗannan takardu. Ka nemi a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan gidanku a kai, ka koma da abinka.